Stella Mai Ɓare Sikalof

Stella Dombroski 'yar manoma ce. Ubanta dankali yake nomawa a bayan garin Cutchogue, kakanta ma dankalin ya noma tun da ya sauko daga jirgin Poland. Daga tudun gonarsu ana hango ruwan Peconic yana sheƙi, amma a gidan ba wanda ya taɓa sa ƙafa cikin jirgin masunta. Ruwa na masunta ne, ƙasa ta manoma, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai ga Stella ta tashi ta ce ita masunci za ta aura, wani dogon saurayi marar yawan magana mai suna Elwood Rackett, da suka haɗu a bikin 'yan kwana-kwana. Uwarta ta yi kuka don ba ɗan cocinsu ba ne. Ubanta kuwa abin da ya ce kawai shi ne, mutumin da amfanin gonarsa ke iya tashi ya yi iyo ya bar masa gonar, ai sai a taya shi da addu'a.

Sikalof yake nufi, wata 'yar halittar teku mai ɓawo, domin da shi gidan su Elwood ke ci, da shi suke sha. A bayan gidan akwai wani ɗakin katako mai dogon benci, da murhun kananzir, da rediyon da sai an mare shi yake magana. Daga shigowar kaka har sanyi ya wuce, maza na fita da sassafe su ja koma mai bakin ƙarfe a cikin ciyawar ruwa, da yamma su dawo da buhuna su juye a kan bencin. Ɓarewa aikin mata ne. Shugabar bencin kuwa ita ce Doris, yayar Elwood, wadda ta taɓa aure bai yi ƙarko ba ta dawo gida. Mace ce mai faɗin kafaɗa da kaifin baki, ba ta san rarrashi ba.

Ranar da Stella ta fara shiga ɗakin, Doris ta miƙa mata wata gajeriyar wuƙa ba tare da ta ɗago kai ba.

"Ungo. Kin taɓa riƙe wuƙa kuwa, ko sai fartanya?"

"Na fere dankalin da ya fi ki nauyi," in ji Stella.

"To wannan ba ya zama a fere shi, 'yar dankali."

Stella ta ɗauki guda ɗaya. Ɓawo biyu ne a haɗe kamar na ƙumba, masu tsaga-tsaga kamar ɗan ƙaramin mafici, duka bai cika tafin hannunta ba. Tana riƙe da shi sai ya ɗan buɗe baki, ta ga waɗansu ƙananan ɗigo shuɗɗa sun yi jere a gefen ɓawon sama da ƙasa, suna ƙyalli kamar tsakiya. Ta kai yatsa za ta taɓa, ya datse ta.

"Idanunsa ne kika tsokana," in ji Doris. "Ke ma da an sa miki yatsa a ido ai za ki yi cizo."

Matan benci suka yi dariya. Daga nan Doris ta nuna mata sau ɗaya, kuma ba ta ƙara ba: a zura wuƙa ta gefen mahaɗa, a yanke tsokar daga ɓawon sama a yar da shi, a kwashe kayan ciki da bakin wuƙa, sai farar tsokar nan ta rage ita kaɗai, kamar kan babban yatsa, a sheme ta cikin kwano. Kafin Stella ta gama da guda ɗaya, kwanon Doris ya rufe gindi. Da za a tashi, hannun Stella duk yanka, Doris ta soko wata tsoka ɗanya a kan wuƙa ta kai mata baki. Stella ta runtse ido ta tauna. Ta yi zaton ƙarni za ta ji, sai ta ji zaƙi, da ɗan gishirin teku a bayansa. Ta haɗiye ba ta yaba ba, don kada Doris ta ji daɗi.

Haka suka yi shekara ashirin da 'yan kai, kafaɗa da kafaɗa. Stella ta haifi 'yarta Joanne, ta yi renonta a kwandon da ke kusa da murhu. Hannunta ya faɗa har ta zama ta biyu a bencin, amma ba ta taɓa kamo Doris ba, kuma Doris ba ta taɓa daina ce mata 'yar dankali ba. Ba za a ce suna gaba ba, ba kuma za a ce suna shiri ba. Idan Stella ta yi rashin lafiya Doris ce ke kawo miya, ta ajiye ta ce gishirin gidan nan ma ba ya da ɗanɗano. Sukan yi musu a kan komai, har a kan suyar sikalof: Doris ta ce a man shanu kawai, a juya shi a sauke, Stella ta ce sai an birkiɗa shi a gari. Elwood yakan ci na kowa ya yi shiru, don ya san inda kansa ke masa ciwo.

A lokacin zafin shekarar 1985 ruwan ya canja launi. Wanda a da kana tsaye a kwata kana ganin ƙaguwa na tafiya a ƙasa, sai ya koma kamar shayi da madara. Masana suka ce wata irin gansakuka ce, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya. Sun cika ruwan har sikalof ya kasa cin abinci, hasken rana kuma ya kasa kaiwa ga ciyawar da 'ya'yansa ke maƙalewa. Shi kuwa sikalof na wannan ruwa gajeren kwana gare shi, ba ya cika shekara biyu, kuma galibi sau ɗaya yake zuba ƙwai. In aka rasa 'ya'yan bana, to babu iyayen baɗi.

Da kaka ta zo Elwood ya fita kamar yadda ya saba. Mata sun wasa wuƙaƙe, an kunna murhu. Tun rana ba ta yi tsaka ba sai ga shi ya dawo da rabin buhu, ya juye a benci. Ɓawo ne zalla, kowanne a haɗe da ɗan'uwansa, baki a hangame, ciki babu kowa.

"Ina sauran?" in ji Stella.

"Babu."

"Babu kamar yaya, Elwood?"

"Babu kamar babu," ya ce, ya cire hularsa ya rataye.

Suka ce a jira baɗi. Baɗi ta zo ruwan ya sake yin shayi. Aka rufe ɗakin katako, matan benci suka watse. Doris ta kama aikin girki a makarantar firamare. Stella ta koma ƙasa, sai dai ƙasar ma ta canja hannu: gonakin dankali sun zama gonakin inabi, har da ta ubanta, kuma a can aka ɗauke ta ɗaurin reshe. Takan tsaya a tsakiyar layin inabi ta gane cewa nan ne rumbun ubanta yake a da. Ba ta faɗa wa masu gonar ba, don ba ta ga abin da zai ƙara musu ba.

Wanda abin ya fi ci shi ne Elwood. Ya samu aikin kula da gidajen masu kuɗin birni, waɗanda ke zuwa hutu lokacin zafi su kulle su tafi. Shi ke zagayawa ya duba kada famfo ya daskare, ya share ganye, ya gyara abin da iska ta ɓalle. Duk gidajen a bakin ruwa suke, da manyan tagogi, don haka wuni yake yana kallon wurin da a da yake jan koma. Bai taɓa kuka da aikin ba. Maganarsa ce dai da ma kaɗan, ta ƙara raguwa. Jirginsa kuwa bai bar shi ya lalace ba: duk shekara sai ya kankare shi ya yi masa fenti, wani lokaci ran Lahadi ya fita ya tono ƙumba ta miya. A gidan wani likita zuciyarsa ta tsaya, yana sharar ganye, da tsintsiyar a hannunsa.

Ba a daɗe da binne shi ba wani mai gidan abinci ya zo ya ce yana son jirgin. Ba don ruwa ba. So yake ya girke shi a ƙofar gidan abincinsa, ya cika shi da ƙasa ya shuka furanni. Stella ta kusa amincewa, domin duk safiya in ta buɗe labulen kicin jirgin take fara gani, kuma ganin yana mata ciwo. Labari ya kai wa Doris, ta zo ko sallama babu.

"Na ji za ki mai da jirgin ubana tukunyar fulawa."

"Jirgin mijina ne, Doris. Ubanki shi ya ba wa."

"Ya ba shi don shi namiji ne."

"To ni na ce ya haife ki mace?"

Doris ta dube ta, ta juya ta fita. Stella ba ta sayar da jirgin ba, amma maganar ta riga ta fita, kuma magana zarar bunu ce. Suka yi kusan shekara ba sa ga-maciji. In sun haɗu a kanti kowace ta karkata kekenta zuwa wani layi. Joanne, wadda ta yi aure a Carolina, takan buga waya ta ce, "Mama, ke da Gwaggo Doris kun girma da wannan." Stella ta ce ita ba ta riƙe kowa ba. Ta san dai a ranta cewa ta taka wani wuri mai ciwo, sai dai ba ta san ko ciwon mene ne ba.

Ana nan sai aka yi sanarwa a ɗakin taron gari cewa waɗansu mutanen jami'a suna ƙyanƙyashe sikalof a cikin tankuna, suna neman masu jirgi da za su taimaka a rene su a ruwa har su yi ƙwari a sake su. Tsofaffin masunta suka yi tsaki, suka ce sikalof ba kaza ba ce. Stella ta ɗaga hannu. Ita kanta ba ta san dalili ba, don duk zamanta da Elwood shigarta jirgin ba ta taka kara ta karya ba, kuma duk shigar sai ta yi amai. Ta dai ga cewa ta yanka halittar nan iyakar yankawa, ta ci da ita, ta yi wa 'yarta makaranta da ita, amma ba ta taɓa yi mata komai ba.

Maƙwabci ya ja mata jirgin da motarsa ya sauke a ruwa. Ta shiga, ta kama igiyar inji ta ja. Shiru. Ta ja, ta ja, har kafaɗarta ta ƙage. Jirgin kuma ya fara juyawa da ita yana bugun ginshiƙin kwata. Can ta ji an rufe ƙofar mota. Doris ce, ashe tun ɗazu tana zaune tana kallo. Ta tako har bakin kwata, hannu cikin aljihu.

"Kin buɗe mai?"

"Wane mai?"

"Allah ya jiƙan Elwood, ya yi haƙuri da yawa. Matsa."

Ta sauko da ƙyar saboda gwiwa, ta murɗa wani abu, ta matsa wani abu, ta ja igiya sau ɗaya inji ya tashi. Ta zauna ta kama hannun injin, ta fitar da su daga tsakanin jirage ba tare da ta gogi ko ɗaya ba. Stella ta zuba mata ido. Matar da ta sani a tsaye gaban benci, ga ta tana karanta ruwa, tana kauce wa tudun yashi tun kafin a gan shi.

"Yaushe kika iya wannan?"

Suka yi nisa cikin ruwa. Sannan Doris ta ce, idonta a gaba, "Kafin Elwood ya yi wayo ni ke fita da Baba. Ni ke riƙe masa jirgi yana jan koma. Duk inda ciyawa take a ruwan nan na san shi tun ban fara ɗaura ɗankwali zuwa coci ba. Ranar da Elwood ya isa ɗaga buhu, Baba ya ce in je in taya Mama a benci. Shi ke nan."

"Ba ki ce komai ba?"

"In ce me? Haka ake yi."

Stella ta so ta ba ta haƙuri a kan maganar da ta yi, amma kafin ta haɗa kalmomin sai ga ta ta leƙa gefen jirgi tana amai. Doris ta miƙo mata biskit mai gishiri daga aljihu ta ce ta riƙa kallon nesa, ta daina kallon ƙafarta. Sulhun nasu ke nan, ba su ƙara tayar da zancen ba.

Aikin ba na burgewa ba ne. 'Ya'yan sikalof ɗin da ake ba su ba su kai farce ba. A cikin raga mai hawa-hawa ake zuba su, a rataye a ruwa, kuma raga na toshewa da gansakuka, sai an ɗago an goge da buroshi, an tsince ƙaguwar da ta saci hanya ta shiga. Doris na riƙe jirgi, Stella na ɗagowa tana gogewa, suna faɗa. In sun yi ƙwari a kai su inda ciyawa ta fara dawowa a juye. A nan ne Stella ta fara ganin sikalof yana iyo. Ta sha jin labari, amma ita a buhu ta san shi. Sai ta ga suna tafa ɓawonsu suna tsalle cikin ruwa, wannan ya yi nan, wancan ya yi can, kamar yaran da aka tasa daga makaranta, kafin su nutse cikin ciyawa.

"Abincin ƙaguwa muke rabawa," in ji Doris. "Ya kamata su zo su yi mana godiya."

"Ko ɗaya cikin ɗari ya tsira ai ya tsira."

"Ji manomiya. Ke komai shuka ne."

Shekaru suka wuce ba a ga wani abin kirki ba. Sannan a hankali aka fara gani. Wata kaka masunta suka dawo da buhuna cike, motoci suka yi layi a shagon kifi, mutanen da suka manta ɗanɗanon abin suka tuna. Ko ragarsu ce ta jawo, ko ruwan ne ya ga dama, Stella ba ta taɓa cewa ta sani ba. Su biyu suka fita da ƙaramar koma ɗaya, wadda tsofaffi biyu za su iya ɗagawa, suka samo kwando guda. Suka buɗe ɗakin katako, suka share yanar gizo, suka kunna murhu.

Doris ta ɗauki wuƙarta, ta ɗauki sikalof. Yatsunta sun riga sun kanannaɗe da sanyin ƙashi. Ta zura wuƙar ta zame, ta sake ta zame. Ta tsaya tana kallon hannun kamar na wani. Sannan ta ajiye wuƙar, ta jawo kujera ta zauna kusa da murhu. Stella ta yi kamar ba ta gani ba, ta ci gaba da ɓarewa.

"Kina barin nama a ɓawo," in ji Doris bayan wani lokaci.

"Ba na bari."

"Daga nan ina hangowa."

Da sanyin shekarar Doris ta zame a ƙanƙara ta karya ƙugu, kuma da aka sallame ta daga asibiti gidan Stella aka kai ta, don ba ta da kowa. Ta ce na mako biyu ne. A can ta zauna har ƙarshen ranta. Ta ƙara fita ruwa bayan ta warke, ana ɗaga ta a saka cikin jirgi kamar kaya tana zagin masu ɗagawar, amma da zarar ta kama hannun inji sai ta yi shiru. Ta rasu a shekarar da sikalof ya yi albarka, tana ganin cewa ruwan ya warke.

Stella takan ce wannan ma rahama ce. Domin a shekarar 2019 masunta suka sake jawo ɓawo zalla. Wannan karon ruwan bai canja launi ba, garau yake, sai dai ya yi ɗumi fiye da yadda halittar ke iya jurewa, ga kuma wata cuta da ta same su. Shekarar da ta biyo ma haka. Stella ta ji labarin a shagon kifi, ta dawo gida ta zauna a kicin ba ta cire rigar sanyi ba. Ta yi zaton za ta ji irin abin da ta ji a karon farko, kamar an janye ƙasa a ƙarƙashinta, amma ba haka ta ji ba. Baƙin ciki ne, sai dai irin na wanda ya san mamacin. Ta yi tunanin shekarun da ta yi tana goge raga, ta tambayi kanta ko sun tafi a banza, ta ga ba za ta iya cewa haka ba. An ci, an ƙoshi, na ɗan lokaci. Doris ta samu ruwanta. Ita kuma ta san matar da ta yi rabin rayuwarta tana tsaye kusa da ita ba ta san ta ba.

Jirgin ta ba wa masu ƙyanƙyasar, don ba ta da mai riƙe mata shi, ƙarfin ɗaga raga ma ya ƙare. Yanzu suna ƙoƙarin samo irin da zai jure ɗumi, ita kuma takan je ta taya su wanke tankuna da tace 'ya'yan, aikin da ake yi a zaune. Joanne ta matsa mata ta komo Carolina gaba ɗaya. Suka yi ta ja, har suka tsaya a kan cewa za ta riƙa yin sanyi a can, ta dawo in gari ya fara ɗumi.

Da Joanne ta kawo ta gida a bana, tana sauke mata jaka ta ce, "Mama, ni fa ban gane ba. In kun sake su suka sake mutuwa fa?"

"To sun mutu."

"Shi ke nan?"

"Me kike so in ce, Joanne? Ni dai ran Talata ana jirana. Duba min ko motar nan za ta tashi, ta daɗe a ajiye."

Motar ba ta tashi ba, batir ya mutu. Joanne ta ƙara kwana biyu har aka canja shi, ran Talata kuma ita ta kai uwar wurin ƙyanƙyasar da kanta, ta zauna a mota tana jira. Da jiran ya yi tsawo ta shiga neman ta, aka ba ta buroshin wanke tanki ita ma.